Tambayoyi da amsoshi kan Spider-Man na Broadway, wasan da ya ci dala miliyan 75

Duk wanda ya ci karo da guntun bidiyon wani mutum cikin kaya ja da shuɗi yana shawagi a saman kawunan 'yan kallo a wani zaure na birnin New York, tambayarsa ta farko takan zama ko da gaske ne. Da gaske ne. An yi wasan, an zuba masa dukiya, mutane sun ji raunuka, an kori mai ba da umarninsa, an je kotu, kuma duk da haka ya shafe shekara uku ana nuna shi. Ga tambayoyin da masu sha'awar wasan kwaikwayo da ɗalibansa suka fi maimaitawa.

Wane irin wasa ne wannan, kuma a ina aka yi shi?

Sunansa Spider-Man: Turn Off the Dark. Ɓangaren ƙarshe na sunan yana nufin "kashe duhun", irin yadda ƙaramin yaro zai faɗa idan yana so a kunna masa fitila. Wasan kwaikwayo ne na dandamali mai haɗe da waƙa da rawa, inda 'yan wasa ke tsayawa tsakiyar zance su rera abin da ke ransu. Wanda ya saba da finafinan Indiya ba zai ga baƙon abu a nan ba, sai dai a wannan komai a gaban idon 'yan kallo ake yinsa, da makaɗa a zaune, babu yanke hoto, babu "a sake".

An nuna shi a zauren Foxwoods da ke titi na 42, kusa da dandalin Times Square, wanda ke ɗaukar mutum kusan 1,900. An fara nunin gwaji ranar 28 ga Nuwamba 2010, aka buɗe shi a hukumance ranar 14 ga Yuni 2011, aka rufe ranar 4 ga Janairu 2014.

Mene ne Broadway ɗin kansa?

Sunan wani dogon titi ne a tsibirin Manhattan, amma a harkar wasa ana nufin rukunin manyan zauruka kusan 40 da ke wannan yanki, kowanne mai kujeru 500 ko fiye. Al'adar wurin ita ce a yi wasa ɗaya sau takwas a mako, a ci gaba da haka watanni ko shekaru muddin tikiti na fita. Galibi ba gwamnati ce ke zuba kuɗin ba. 'Yan kasuwa ne ke haɗa jari, idan wasa ya karɓu su ci riba, idan ya faɗi kuɗinsu ya bi ruwa. Akasarin wasannin Broadway ba sa mayar da jarinsu, don haka faɗuwa ba abin mamaki ba ce a can. Girman faɗuwar ne ya sa ake ta maganar wannan.

Su wa suka shirya shi?

Waƙoƙin na Bono da The Edge ne, biyu daga cikin 'yan ƙungiyar mawaƙa ta U2 ta ƙasar Ireland. Mai ba da umarni ita ce Julie Taymor, wadda ta ɗora The Lion King a dandamali a 1997, kuma da shi ta zama mace ta farko da ta ci kyautar Tony, babbar lambar yabo ta Broadway, a fannin ba da umarnin wasan waƙa. Ita da Glen Berger suka rubuta labarin. George Tsypin ya tsara dandamali, Eiko Ishioka 'yar Japan ta tsara sutura. Reeve Carney ya fito a Peter Parker, wato Spider-Man kansa, Jennifer Damiano a budurwarsa Mary Jane, Patrick Page kuma shi ne bos, wato Green Goblin.

Wanda ya fara ɗauko aikin shi ne Tony Adams, furodusa ɗan Ireland. A watan Oktoban 2005 ya je gidan The Edge don a sa hannu a yarjejeniya, sai bugun jini ya kama shi a wurin, ya rasu bayan kwana biyu. Abokin harkarsa David Garfinkle, lauya ne da bai taɓa jagorantar babban wasa ba, shi ya gaji ragamar. A 2009 kuɗi suka ƙare, aiki ya tsaya cik, sai Bono ya jawo Michael Cohl, gwanin shirya rangadin manyan mawaƙa, ya karɓi aikin tare da Jeremiah Harris. Jinkirin ne ya sa Evan Rachel Wood da Alan Cumming, waɗanda aka fara ɗauka, suka janye. Wanda ya riƙe wannan tarihin zai fi gane amsar da ke ƙasa kan inda kuɗin suka tafi.

Wane labari wasan ke bayarwa?

Ya danganta da lokacin da mutum ya je kallo, domin wasa biyu aka yi da suna ɗaya. Ginshiƙin dai shi ne wanda Stan Lee da Steve Ditko suka ƙirƙira a 1962 a littattafan zane na kamfanin Marvel: Peter Parker, maraya a unguwar Queens da ke hannun kawunsa Ben da gwaggonsa May, ɗan makarantar da ake cin zalinsa, gizo-gizo ya cije shi a ɗakin binciken kimiyya, ya wayi gari yana hawa bango. An kashe kawun nasa, nadama ta sa ya koma yaƙar miyagu a ɓoye, yana sayar wa jaridar Daily Bugle hotunan kansa.

A sigar farko Taymor ta ɗora wani labari a kan wannan. Ta ɗauko Arachne daga tatsuniyoyin Girka, masaƙiyar da ta yi gasar saƙa da allahiya Athena aka mayar da ita gizo-gizo, ta sa ta kamu da son Peter tana shiga mafarkinsa. Green Goblin yakan mutu a ƙarshen kashi na farko, kashi na biyu ya zama na Arachne. Akwai kuma wasu matasa huɗu masu son littattafan zane da ke gefe suna ƙirƙirar labarin suna gardama a kansa. Har da wata waƙa da Arachne da 'yan rakiyarta masu ƙafafu da yawa ke yi a kan takalma, wadda ta zama abin dariya a jaridu.

A sigar ta biyu an cire matasan huɗu, an cire waƙar takalman, an rage Arachne ta koma kamar mai tsaron Peter, aka bar Green Goblin ya rayu har faɗan ƙarshe a saman benen Chrysler. Yadda aka kai ga wannan sauyi yana cikin amsar korar Taymor.

Ashe tunanin kawo Arachne kuskure ne tun farko?

A ganina ba tunanin ne mummuna ba. Mu da muka tashi da tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi mun san gizo-gizo halitta ce da labari ke so, kuma masu kallo da yawa sun yarda cewa fitowar farko, inda mata ke lilo a kan dogayen ƙyallaye suna saƙa wani ƙaton zane a sararin dandamali, tana cikin mafi kyawun abin da ke wasan. Shi ya sa ba a cire ta ba ko a siga ta biyu. Matsalar ita ce wanda ya biya tikiti ya kawo 'ya'yansa su ga Spider-Man, sai ya tarar rabin wasan na wata baƙuwa ce da yaran ba su taɓa jin sunanta ba, kuma abin da ke faruwa a kashi na biyu ashe yawancinsa ruɗani ne da ta saƙa. Manya ma sun kasa bin zaren, balle yara.

Ina dala miliyan 75 ɗin suka tafi?

A lokacin, babban wasan waƙa a Broadway yakan ci tsakanin dala miliyan 10 zuwa 15 ko ɗan fiye. Wannan ya ninka haka sau biyar ko fiye, kuma shi ne mafi tsada a tarihin Broadway a lokacinsa. Wani kaso ya tafi wajen gyara zauren kansa domin ya ɗauki na'urorin shawagi. Wani ya tafi wajen hayar zauren tsawon watannin da yake rufe ba kowa ciki, sakamakon tsayawar aiki a 2009. Sai dandamalin Tsypin, mai gine-gine da ke buɗewa suna miƙewa kamar shafukan littafi, da manyan allunan haske masu motsi, da sutura da fuskokin da aka ƙera ɗaya bayan ɗaya.

Na ƙarshe shi ne kuɗin jinkiri. Duk makon da aka ɗaga, sai an biya 'yan wasa da makaɗa da ma'aikatan bayan fage. Da aka zo sake labarin a 2011, an rufe zauren sama da mako uku ba a sayar da tikiti ko ɗaya ba, ana biyan sabbin marubuta da masu tsara rawa. Lokacin da aka fara nunin gwaji ana kiran dala miliyan 65 ne, kafin ranar buɗewa ya kai 75.

Yaya ake yin shawagin a saman 'yan kallo?

Ɗan wasa yana sanye da ɗamara mai ƙarfi a ƙarƙashin kayansa, an ƙulla mata igiyoyi da ke tafiya zuwa injinan naɗe igiya a kusurwoyin zauren. Kwamfuta ce ke sarrafa injinan, wannan ya saki wancan ya ja, ta haka ake iya kai mutum kowane gefe na sararin zauren da gudu, har ya sauka a kan barandar bene inda mutane ke zaune. Akwai irin wannan fitowa 27 a wasan. Wadda aka fi magana a kai ita ce faɗan Spider-Man da Green Goblin, su biyun a sama lokaci ɗaya suna zagaye juna.

Ba Reeve Carney kaɗai ke cikin kayan ba. Akwai gungun 'yan rawa da masu wasan kasada da ke sa irin kayan, tunda fuska a rufe take, wannan ya ɓace ta hagu wancan ya ɓullo ta dama. Tsarin yana da wata illa da ba a gani daga kujera: sauya ɗan motsi ɗaya yana nufin sake rubuta umarnin kwamfuta da sake gwaji da neman amincewar masu duba lafiyar aiki. Don haka gyara labari ya zama aiki mai nauyi, domin an riga an kafa ƙarfe kafin labarin ya zauna.

Da gaske ne 'yan wasa sun ji munanan raunuka?

Ƙwarai. Tun a atisaye wani ɗan rawa, Kevin Aubin, ya karye a wuyan hannu biyu. A daren farko na nunin gwaji igiya ta bugi Natalie Mendoza, mai fitowa a Arachne, a ka tana bayan fage, ta samu girgizar ƙwaƙwalwa, kafin ƙarshen Disamba ta bar wasan. T.V. Carpio da ta gaje ta ita ma ta ji ciwo a wuya a watan Maris 2011.

Mafi muni shi ne na ranar 20 ga Disamba 2010. Christopher Tierney, ɗaya daga cikin masu sa kayan Spider-Man, ya yi tsalle daga wani tudun dandamali da ke wakiltar gada, alhali igiyar tsaronsa ba a ƙulle take yadda ya kamata ba. Ya faɗo fiye da ƙafa 20 zuwa ramin da ke ƙasan dandamali a gaban 'yan kallo, ya samu tsagewar ƙoƙon kai da karayar haƙarƙari da ƙashin baya. An danganta abin da kuskuren ɗan Adam, aka ƙara matakan duba kowace igiya kafin kowane tsalle. Abin mamaki, ya warke ya koma wasan a bazarar 2011. Hukumar tarayya mai kula da lafiyar ma'aikata ta ci tarar masu wasan dala 12,600 a watan Maris na shekarar, kuɗin da bai kai na kujeru ɗari masu kyau ba.

Ba a nan abin ya tsaya ba. A watan Agustan 2013 wata na'urar ɗaga dandamali ta danne ƙafar ɗan rawa Daniel Curry, rauni mai tsanani da ya kai ga tiyata da shari'a.

Me ake nufi da nunin gwaji, kuma me ya sa nasa ya kai 182?

Kafin ranar buɗewa akan yi makonni kaɗan ana nuna wasa ga masu biyan tikiti ana gyara shi, su kuwa masu sharhi na jaridu sukan jira har ranar buɗewa kafin su yanke hukunci. Yawanci mako uku zuwa biyar ne. Wasanni da yawa kuma sukan fara zuwa wani gari kamar Boston ko Chicago su gwada kansu nesa da idon New York. Spider-Man bai samu wannan dama ba, tunda na'urorinsa an gina su ne a jikin zauren, ba sa ɗaukuwa.

Daren farko ya ɗauki kusan awa uku da rabi, an tsayar da wasan sau biyar, kuma kashi na farko ya ƙare da Spider-Man a maƙale a sama ma'aikata na ƙoƙarin kamo shi. Bono da The Edge ba sa nan a makonnin farko, suna rangadin U2 a can yankin Ostareliya. Aka ɗaga buɗewa daga 21 ga Disamba zuwa 11 ga Janairu, zuwa 7 ga Fabrairu, zuwa 15 ga Maris, daga ƙarshe zuwa 14 ga Yuni. Nunin gwaji 182 bai taɓa faruwa ba a Broadway kafin nan.

Me masu sharhi suka ce?

Haƙurinsu ya ƙare a ranar 7 ga Fabrairu 2011. Hujjarsu ita ce an shafe sama da wata biyu ana karɓar cikakken kuɗin tikiti daga jama'a, don haka jama'a na da haƙƙin sanin abin da suke saya. Suka sayi tikiti da kansu, suka saki sharhinsu kusan lokaci ɗaya. Ben Brantley na jaridar New York Times ya ce baya ga zama mafi tsada, mai yiwuwa wasan ya shiga sahun mafi muni da aka taɓa yi a Broadway. Da aka buɗe siga ta biyu, mafi yawansu sun ce yanzu ana gane labarin, amma ya zama lami. Patrick Page ne kusan kowa ya yaba, saboda shi kaɗai ya nuna yana jin daɗin abin da yake yi. A kyautar Tony ta 2012 an zaɓi wasan cikin 'yan takara a fanni biyu, tsarin dandamali da sutura, bai ci ko ɗaya ba. Eiko Ishioka ta rasu a watan Janairun shekarar, ba ta ga zaɓen nata ba.

Me ya sa aka kori Julie Taymor, kuma yaya rigimar ta ƙare?

Bayan sharhin Fabrairu, furodusoshi suka matsa a sake fasalin kashi na biyu gaba ɗaya. Ita kuwa tana ganin gyare-gyare da ƙarin lokaci za su isa. Ranar 9 ga Maris 2011 aka sanar cewa ta bar aikin yau da kullum. Aka kawo Philip William McKinley, wanda ya taɓa ba da umarnin manyan wasannin sarkus, wato wasannin kasada da dabbobi, da Roberto Aguirre-Sacasa, marubucin wasa da ya taɓa rubuta wa Marvel labaran Spider-Man. Aka rufe a tsakiyar Afrilu, aka dawo da sabuwar siga ranar 12 ga Mayu.

A watan Nuwamban 2011 Taymor ta kai ƙara, tana cewa ana ci gaba da amfani da rubutunta ba tare da an biya ta haƙƙinta ba. Furodusoshin suka shigar da tasu ƙarar cewa ita ce ta saɓa yarjejeniya. A watan Afrilun 2013 suka sasanta ba tare da an bayyana sharuɗɗan ba. A wannan shekarar Glen Berger ya fitar da littafi kan shekarun da ya yi a aikin, inda ya amsa cewa yana cikin shirin sauya labarin a bayan idon Taymor. Yawancin abin da aka sani game da bayan fage daga nan ya fito, sai dai a tuna cewa shi ma yana cikin rigimar tsundum.

To idan haka ne, ba kowa ke zuwa kallo ba ke nan?

A nan mutane suka fi yin kuskure. Zauren yakan cika. Labarin haɗurran da zagin jaridu ma talla suka zame masa, wasu don su ga abin da idonsu suke zuwa. A makon da ya ƙare ranar 1 ga Janairu 2012 ya tara sama da dala miliyan 2.9 a nuni tara, abin da babu wasan Broadway da ya taɓa samu a mako ɗaya kafin lokacin. Bayan buɗewa an yi nuni 1,066, kuɗin tikiti gaba ɗaya ya haura dala miliyan 200, mutum kusan miliyan biyu suka kalla. Masu yawon buɗe ido da iyaye da yara ne ƙashin bayansa, kuma shawagi ba ya buƙatar mutum ya ji Turanci.

Lissafi ne ya kashe shi. Gudanar da wasan na cin fiye da dala miliyan ɗaya kowane mako kafin a yi maganar riba. A ɗauka, don misali kawai, yana rage dala 300,000 a mako bayan an biya komai. Sai an yi mako 250, kusan shekara biyar, zaure a cike ba fashi, kafin miliyan 75 su dawo. A 2013 tikiti ya fara ja baya, makonni da dama abin da ke shiga bai biyan abin da ke fita. Rahotannin jaridu a lokacin rufewa sun kiyasta asarar masu jari ta kai dala miliyan 60.

Shi ne jarumin littafin zane na farko da aka kai Broadway?

A'a. A 1966 an yi wasan waƙa na Superman, Harold Prince ya ba da umarni, Charles Strouse da Lee Adams suka yi waƙoƙin. Masu sharhi ba su ƙi shi ba, amma nuni 129 kawai ya yi. An kuma daɗe ana shirin na Batman wanda Jim Steinman zai yi wa waƙoƙi, bai taɓa kaiwa dandamali ba. Labaran zane da suka yi nasara a Broadway su ne waɗanda jarumansu ba sa tashi sama, kamar Annie a 1977 da Fun Home da ya ci Tony a 2015. Dalili ɗaya a fili yake: waƙa tana son fuska da murya, shi kuwa Spider-Man fuskarsa a rufe take. Shi ya sa kusan duk waƙoƙin Carney yana matsayin Peter ne yake rera su, idan aka zo faɗa kuma sai masu wasan kasada su karɓa, kamar yadda aka yi bayani a amsar shawagi.

Zan iya kallonsa yanzu?

Ba a fitar da cikakken bidiyonsa a hukumance ba. Abin da ke intanet guntaye ne na talla, da fitowar 'yan wasan a shirye-shiryen talabijin, da waɗanda 'yan kallo suka ɗauka a ɓoye. Faifan waƙoƙin ya fito a watan Yunin 2011 kuma yana samuwa a manhajojin sauraren waƙa. Lokacin rufewa an ce za a mayar da wasan Las Vegas, ba a yi ba. Zauren ya koma sunan Lyric, kuma tun 2018 wasan Harry Potter ke ciki. Reeve Carney da Patrick Page sun sake haɗuwa a Broadway a 2019 cikin Hadestown, wanda ya ci Tony na mafi kyawun wasan waƙa a shekarar, kuma shi ma daga tatsuniyar Girka aka ɗauko labarinsa.